Sawu Biyu, Duka Masu Fita

Ranar Talata da safe aka ga an yanke wayar shingen wurin aikinmu. Maigadi ne ya gani, can bayan ramin, ɓangaren da ke kallon gangare. Da bai tsaya fitsari a wurin ba da ƙila har yau ba wanda ya sani, domin wanda ya yanke ta ya mayar ya ɗaure tsaf. Kafin ƙarfe takwas labari ya gama gari cewa an saci bam mai guba. Kafin tara ya zama bama-bamai goma, har da wanda ya rantse ya ga motar da ta kwashe su.

Ni ce malamar jinyar wurin, wata biyar ke nan ina tare da masu kwashe tsoffin bama-baman. Ramin tsohon wurin fasa dutse ne a gefen gari, inda sojojin wani yaƙi da aka yi tun ba a haife ni ba suka binne kayansu suka yi gaba. Masu haƙar yashi ne suka tono na farko bara. Mu a wurin aiki ba ma cewa bam, tulu muke cewa, don kada bakinmu ya saba da ambaton guba. Ƙarfe ne mai tsawon hannun mutum da kaurin cinyar ƙato, tsatsa ta gama cin bayansa.

A da, in aka samu irin wannan, sai dai a loda a mota a ratsa garuruwa da shi kwana da kwanaki, ko a ƙone a fili kowa ya sha hayaƙi. Yanzu injin kashe gubar ne ke zuwa inda tulu yake. Namu a cikin kwantena yake bisa tirela, ma'aikata suka sa masa suna Kura, wai don ba ta barin ko ƙashi. Sai a sa tulu a cikinta a rufe ruf, can ciki ta huda shi, ta wanke gubar da wani ruwan magani har ta mutu. Abin da zai fito ruwan dauɗa ne da wankakken ƙarfe. Injiniya, matar da ke kula da ita, takan ce ko kayan ƙwayoyin cuta aka tono, Kura za ta dafe su haka nan ba tare da kowa ya yi tari ba.

Ni dai ranar ba Kura ce a raina ba. Ina da 'ya ɗaya, shekararta huɗu, mijina direban doguwar tafiya ne, don haka kullum gidan iyayena nake barin ta. Baba yana ce mata Amarya, sunan ya bi ta har ni ma na kama. Ina jin labarin na kira Inna a waya, na ce kada a bar ta ta leƙa ko ƙofar gida, ta zauna a tsakar gida a kan bencin Baba ta yi wasanta inda ido ke ganin ta. Na maimaita sau uku har Inna ta ce ta ji, ba kurma ba ce. Da na kashe wayar hankalina ya ɗan kwanta.

Injiniya ta ƙirga tulunan da ke rumfar ajiya, sha tara, kamar yadda ta bar su jiya. Wannan bai sanyaya wa kowa rai ba, saboda a bakin ramin akwai waɗanda aka fara tonowa ba a sa musu lamba ba, kuma ba wanda ya san adadin abin da ke ƙasa. Kyaftin, shugaban sojojin da ke tsaron wurin, ya je ya duba gangaren da kansa. An yi ruwa kafin wayewar gari, ƙasa ta yi laushi, sawu ya fito raɗau. Ya dawo ya ce sawun baro biyu ne, duka masu fita, babu mai shiga ko ɗaya. Ke nan ɓarawon ta babbar ƙofa ya shigo, ɗan gida ne. Nan take ya tsare Maigadi da direban ƙugiya, motar ɗaga kaya, sannan ya aika a kira wani mai bin sawu da ake ce wa Duba-ƙasa.

Dokar wurin ita ce ba mai matsawa inda ake zargin guba sai da malamar jinya da jakarta. Haka na zama jelar Duba-ƙasa na kwana biyu.

Tsoho ne siriri, ya yi shekara talatin yana gadin daji yana bin sawun masu kashe namun dawa, har wuyansa ya lanƙwashe. Ba ya kallon fuskar mutum, ƙafafunka yake gaisarwa. Da aka gabatar da ni ya ce, "Sannu, 'yata. Takalmin hagun nan yana matse ki, ki ba wata." Na so in ji haushi, amma gaskiya ya faɗa.

Ya kori sojoji daga gangaren kamar masu kiwon kaji, ya tsuguna. Awa guda ina tsaye da jaka rana tana dukana, shi yana rarrafe daga waya zuwa kwalta, inda sawun ya ɓace. Da ya miƙe ya ce sawu biyu ne amma mutum ɗaya, takalmin roba, dunduniyar dama ta cinye. A ɗaya taya ta nutse sosai, a ɗayan da ƙyar ta taɓa ƙasa. Kyaftin ya ce wato ya fita da babban tulu, ya dawo ya fita da ƙarami.

"Ya dawo ta ina?" in ji Duba-ƙasa.

Kyaftin ya ce ta ƙofa mana. Tsohon bai yi musu ba. Ya sa aka jero masa duk barorin wurin aiki, guda shida, kowane da faffaɗar taya mai iska. Wadda ta yi sawun siririya ce, irin ta da. Daga nan ya koma jikin wayar ya daɗe yana duba ɗaurin. An murɗa kowane sau uku, an lanƙwasa bakin ciki don kada ya yanki mai wucewa. Ya kwance guda ya jefa a aljihu. Ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin ɓarawon da ke tausayin hannun mutane ba.

Maigadi bai ba mu wahala ba. Ya fara da rantsuwa, ya ƙare da kuka. Ya amsa cewa da ruwa ya tsuge ya shige ɗakin janareta ya fake, barci ya ɗan sace shi. Gab da fitowar rana ya ji wani ƙiiƙii daga bayan ramin, ya ɗauka tsuntsu ne. Duba-ƙasa ya tambaye shi ko kukan da sauri yake ko a hankali. Ya ce da farko a hankali, yana yi yana tsayawa, daga baya kuma da sauri. Kyaftin bai ga amfanin tambayar ba, ni ma haka.

Siririyar taya ta kai mu wurin Ɗan Gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa a bakin kasuwa. Kowa ya san ya sha zuwa ƙofar wurin aiki yana roƙon a ba shi ƙarafan da Kura ta wanke. Muna isa muka tarar da mutane sun cika layin, wasu da duwatsu, wata mata tana ihu wai ɗanta ya kwana yana tari. Shi kuma ya kulle kansa a shago ya yi tsuru-tsuru. Baronsa kuwa siririyar taya ce da shi.

Duba-ƙasa ya sa aka fito da shi, ya ce ya yi tafiya daga nan zuwa can. Mutumin yana jan ƙafar hagu. Ya miƙa masa guntuwar waya ya ce ya ɗaure masa ƙarfe biyu, ya yi wani ƙulli kamar na bakin buhu, tsinin a waje. Tsohon ya ce wa Kyaftin ba shi ba ne. Kyaftin ya ce duk da haka zai tafi da shi, in ba don laifi ba to don kada a kashe shi, kuma a nan na ba shi gaskiya.

A hanyar komawa Duba-ƙasa ya tambaye ni me zai samu wanda ya taɓa abin. Na zuba masa karatun da nake yi wa ma'aikata duk ranar Litinin. Tsohon tulu in aka jijjiga shi yakan fara gumi, wani maiƙo mai duhu. Wanda ya taɓa ba zai ji komai ba da farko, shi ne muguntar abin. Sai bayan awoyi fata ta yi ja, sannan ta tashi kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. In ya shiga ido ko ƙirji, sai addu'a. Yaro kuma fatarsa ba ta kai ta babba ba. Ina faɗin haka muryata ta ɗan yi rawa, ya ce, "Kina da ƙarama ke nan." Na ce ina da, amma tana wuri mai aminci.

Da yamma na bi ta gida. Gidanmu yana ƙasan gangaren, tafiyar rabin awa da ƙafa daga ramin, Baba ne ya gina shi da hannunsa. Magini ne, shekara arba'in yana aikin, shi ya zuba dandamalin simintin da aka ɗora Kura a kai lokacin da aka fara aiki. Mutum ne da ko kofi zai ajiye sai ya duba ko ya zauna daidai.

Na tarar da Amarya a kan benci ta jera 'yan tsanarta tana yi musu faɗa. Bencin ya girme ni. Falalen siminti ne a kan ƙafafun ƙarfe uku, duk shekara Baba yana shafa masa shuɗin fenti irin na ƙofar gida. Ranar na ga an tokare gefe ɗaya da bulo, Inna ta ce ƙafar ce ta ruɓe yake gyarawa. Ina cikin rungumar yarinyar Baba ya fito daga ɗaki, ya daka mata tsawa ta sauka. Tunda aka haife ta bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta fashe da kuka, ni kuma raina ya ɓaci, na ce ni na ce ta zauna nan.

Ya ce in tafi da ita wurin ƙanwar mijina ta kwana biyu. Na ce gidan da ke maƙwabtaka da kasuwa, inda ake neman ƙona shago? Inna ta goyi bayana, ta ce yarinya ba inda za ta. Inna ba ta wasa da wannan. Tunda ƙanena ya rasu yana ɗan shekara biyar, da wani ciwo da asibiti bai gane kansa ba, ba ta yarda yaro ya yi nisa da idonta. Baba ya dubi Inna, ya juya zai koma ɗaki.

A lokacin na lura ya naɗe hannuwansa da tsumma. Ya ce siminti ne ya ci shi. Tun ina yarinya nake ganin siminti yana cin hannun Baba, don haka na kwance, na ga tafukan sun yi ja sun tashi, na wanke, na sa magani, na naɗe da bandeji mai kyau, ina yi ina masa faɗan rashin sa safar hannu da tsufansa. Ni da nake koya wa mutane alamun nan duk mako, ban ga komai ba sai hannun Baba. Na bar Amarya ta kwana a can, na ƙara jaddada wa Inna maganar da na yi da safe.

Washegari Duba-ƙasa ya riga kowa zuwa. Ya ce rana tana ƙasa-ƙasa ne sawu ke faɗin gaskiya, da tsakar rana ƙarya yake yi. Ya kira ni na tsuguna kusa da shi a kan sawun mai zurfi, ya nuna wani wuri da tsinke inda taya da ƙafa suka haɗu.

"Wa ya taka wani?"

Na duba da kyau. Layin tayar ya ratsa ta kan sawun takalmin ya raba shi biyu.

Ya ce wanda ke tura baro a bayansa yake, don haka ƙafarsa ce ke taka sawun taya. A ɗayan sawun, mara nauyi, haka abin yake. Amma a nan taya ce ta zo daga baya. Mutumin nan yatsunsa suna kallon kwalta, amma ba can ya nufa ba. Da baya yake tafiya, fuskarsa na kallon kayansa, yana jawo baron yana hawa gangaren. Duk taku ashirin ya tsaya ya huta, ga inda ƙafafun baron suka zauna. Shi ne kukan da Maigadi ya ji a hankali. Mai saurin kuma komawa ce, ba kaya.

"Ba a fita da komai ba, 'yata. Kawowa aka yi."

Da farko daɗi na ji, har na yi dariya. Sai na ga shi bai yi ba. Ya ce in an kawo, to daga wani wuri aka ɗauko, kuma wurin nan cikin gari yake. Dariyar ta maƙale mini. Maganar ja da baya ta taɓa wani abu can cikin raina, na yi sauri na kawar da shi.

Injiniya ta tura mutum biyu da rigunan kariya suka bi bakin ramin ta ɓangaren wayar. Ba su yi minti ashirin ba suka same shi a ƙarƙashin yashi kaɗan, an ajiye shi inda masu tono za su ci karo da shi su ɗauka nasu ne. Suka ɗauki hoto suka fito. Ni aka bar wa aikin duba su bayan an wanke su, don haka ban ga hoton ba. Na dai hango Duba-ƙasa da Injiniya sun haɗa kai a kan wayarta, sannan ya yi wa Kyaftin magana, mota ta fita.

Ƙarfe sha ɗaya aka tara mutane a gindin gangaren. Duba-ƙasa ya ce wanda ya san inda masu tono suke da inda maigadi ke fakewa ya taɓa aiki a ciki, don haka a kawo duk wanda ya taɓa. Ga Maigadi da jajayen idanu, ga direban ƙugiya yana huci, ga mai dafa wa ma'aikata abinci, ga mai gyaran janareta, ga Ɗan Gwangwan da aka haɗa da su don cika lissafi. Mota ta dawo, aka buɗe, Baba ya sauko da bandejin da na naɗa masa.

Na je wurin Kyaftin a fusace, na ce tsoho ɗan shekara sittin da takwas, mara lafiyar hannu, me ya haɗa shi da wannan? Ya ce umarnin mai bin sawu ne, kowa da kowa. Baba bai dube ni ba.

An cika baro da jiƙaƙƙen yashi. Duba-ƙasa ya ce ba tambayar da zai yi, kowa dai ya hau da shi zuwa waya. Direban ƙugiya ya tura da gudu don haushi, ya kai. Maigadi ya tura ya tsaya a rabi. Mai abinci ya kifar da shi, aka sake cikawa, wasu sojoji suka yi dariya. Mai janareta ya tura, Ɗan Gwangwan ya tura yana jan ƙafa. Duk wannan lokacin tsohon ko kallon su bai yi ba, yana zaune a kan dutse yana wasa da guntuwar wayar nan.

Baba ya matso. Ya daɗe tsaye yana kallon baron. Ya sunkuya ya daidaita yashin da gefen hannu don nauyin ya zauna a tsakiya. Sannan ya juya baron, ya ba gangaren baya, ya kama hannuwan, ya fara ja.

Na san tafiyar nan. Na gan ta sau dubu ina yarinya in na kai masa abinci wurin gini, yana faɗa wa masu yi masa aiki cewa kaya mai nauyi ba a tura shi a hawa, ja ake yi ido na kansa. Har yau ban sani ba ko sabo ne ya ci shi ranar, ko gajiya ya yi da ɓoyo. A taku na ashirin ya ajiye ya huta, kuma bai sake ɗauka ba.

Injiniya ta miƙo mini wayarta, ga hoton. Tulun yana kwance a kan rabin bulo biyu, an daidaita shi kamar za a auna. Gindinsa da busasshen siminti. Jikinsa kuwa, ƙarƙashin yashin da ya manne, shuɗin fenti ne, shafi a kan shafi, na shekara da shekaru. Na zauna a ƙasa.

Baba ya yi magana a hankali, kansa a sunkuye. Shekara talatin da uku da suka wuce, bayan wata ambaliya, ya tsinci ƙarafa uku a kwazazzabo, ya ga tsawonsu ɗaya, ya yi ƙafafun benci da su. Bai san ko mene ne ba sai ranar da yake zuba dandamalin Kura, aka wuce da tulun farko ta gabansa. Tun ranar bai yi barcin kirki ba. Kyaftin ya tambaye shi me ya hana shi faɗa, ai an yi shela ba za a kama wanda ya kawo rahoto ba.

"Ba kamun nake tsoro ba," in ji Baba. "Ɗana da ya rasu, a ƙarƙashin bencin yake wasa. In na faɗa, uwarsa za ta san abin da ya ɗauke shi, da wanda ya kawo shi gidan."

Ya ce ya yi niyyar kawo su ɗaya bayan ɗaya Kura ta cinye, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Mako uku yana sassaƙe na farko da kurfi da guduma in Inna ta fita. Injiniya ta katse shi, muryarta ta canza, ta ce ya buga guduma a jikin bencin? Ya ce ya buga.

"Sauran biyun fa?"

"Suna nan. Na tsakiyan yana gumi tun shekaranjiya." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Na ce wa uwarki ta riƙe Amarya a ɗaki kafin in fito."

Nan take na kira Inna. Ta ɗauka da fara'arta, ta ce Amarya lafiya lau. Na ce tana ɗaki? Ta ce wane ɗaki a wannan zafi, babanku dai da rigima. Tana kan benci tun safe, inda na ce ta zauna, tana ta lilo da ƙafafu.

Ban tuna abin da na faɗa ba. Na san dai na ce ta ɗauke ta ta hammata, kada ta taɓa ƙafafun, ta kai ta bakin famfo ta sakar mata ruwa kada ta rufe. Na tuna Duba-ƙasa ya tsinki ciyawa ya saki ya ga inda iska ta nufa, ya ce wa direba ya shiga layinmu ta sama, inda iskar ke fitowa. Na tuna na yanke rigar yarinyar da almakashi tana kuka tana tambaya me ta yi, ina wanke ta da sabulu da ruwa har yatsuna suka yi fari, sojoji kuma suna bi gida-gida suna fitar da maƙwabtan da suka san ni tun ina goye. A lokacin ba komai a fatarta, sumul take. Na fi kowa sanin cewa wannan ba ya nufin komai.

Kafin faɗuwar rana bayan ƙwaurinta duka biyu ya yi ja. Washegari ya tashi.

Kura ta zo har ƙofar gidanmu, abin da aka ƙera ta dominsa ke nan. Kwana huɗu aka rufe layin, aka kafa tanti a kan tsakar gidan, aka yanke bencin, ta cinye biyun da ƙasar da ke ƙarƙashinsu, ba wanda ya yi ko tari. Injiniya ta zo asibiti da kanta ta faɗa mini. Aka saki Maigadi da direban ƙugiya da Ɗan Gwangwan. Duba-ƙasa ma ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na tambaye shi yaushe ya gane. Ya ce tun da Baba ya sauko daga mota ya taka taku uku. Na ce to me ya sa ya yi wasan baro, ya ɓata minti arba'in yarinya tana zaune a can?

"Ban san akwai saura ba," ya ce. "Kyaftin zai yarda da maganata. Ke ce na san ba za ki yarda ba sai kin gani." Ya juya ya tafi, ban kuma ganinsa ba. Har yanzu ban yanke ko na yafe masa minti arba'in ɗin ba, amma ni ce na zaunar da ita a kan bencin kwana biyu, don haka ba ni da bakin magana.

Likita ya ce Amarya za ta warke, idonta da ƙirjinta sun tsira, sai dai tabo. Baba an kwantar da shi a ɗakin da ke gaba da namu saboda hannuwansa, da soja a bakin ƙofa. Inna mun ce mata wai wani abu aka samu a ƙasan gidan, ba mu ƙara komai ba. Duk lokacin da za a canza bandeji sai in aike ta ɗebo ruwa.

Rana ta biyar ta dawo da wuri. Na riga na kwance ƙafar dama. Ta tsaya da butar a hannu tana kallo, ta daɗe, sannan ta ajiye butar a hankali ta matso.

"Haka na ƙanenki suka yi," ta ce. "Nan, da kuma nan. Har bayan gwiwa."

Na ci gaba da wanke ƙafar. Ta zauna a gefen gadon ta kama yatsun ƙafar yarinyar.

"Bencin ne?"

Na ce shi ne.

"Yaushe babanku ya sani?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce wata biyar.

Ba ta yi kuka ba. Ta taya ni riƙe ƙafar har na gama naɗewa, ta ja zane ta rufe, ta ɗauki mafici ta ci gaba da yi wa Amarya fifita. Mun ƙara kwana goma sha tara a asibitin. Daga ƙofarmu zuwa ta Baba taku goma sha biyu ne, na ƙirga, kuma kullum da safe yana tambayata ko ta ce wani abu. Har aka sallame mu Inna ba ta taka ko ɗaya ba.